Kafin A Yi Lissafi Sai An Tace Alƙaluma

A ƙidayar jama'a ta 1991 an sami mutum miliyan 3 da dubu 312 a Jihar Filato. A ƙidayar 2006 kuwa, watau bayan shekara 15, sai aka sami miliyan 3 da dubu 206. Duk wanda ya jera waɗannan alƙaluma biyu ya dube su haka nan, cewa zai yi mutanen Filato raguwa suka yi, har ya shiga neman dalili, ko ya ce rikici ne ya kori jama'a, ko ya ce ƙaura suka yi zuwa Abuja. Alhali kuwa ba haka zancen yake ba. A 1991 Lafiya da Keffi da Akwanga duk suna cikin Filato, sai ran 1 ga Oktoba, 1996 aka yanke su aka yi Jihar Nasarawa. In aka cire mutum miliyan 1 da dubu 208 na wancan ɓangare, abin da ya rage wa Filato ta yau a ƙidayar 1991 bai wuce miliyan 2 da dubu 105 ba. Ashe ƙaruwa aka yi da fiye da mutum miliyan ɗaya.

Babu ƙarya a cikin alƙaluman nan biyu, kuma babu na'urar da za ta gane inda matsalar take, domin ita kwamfuta abin da aka ba ta shi take lissafawa. Mutum ne zai zauna ya tambayi kansa, shin Filato ɗin da aka ƙidaya a 1991 ita ce aka ƙidaya a 2006? Wannan zama da tambaya, da gyara da daidaitawa kafin a soma lissafi, shi ake kira tace bayanai ko shirya bayanai, kuma shi ne tushen sana'ar nazarin alƙaluma wadda samari da 'yan mata da yawa suke rububin koyo a yau.

INDA WAHALAR TAKE

Garin Jos ba baƙo ba ne wajen tara bayanai. Tun da Turawa suka soma haƙar kuza a kan tsaunin nan a farkon ƙarni na 20, kamfanoni suke rubuta nauyin abin da aka haƙo da kuɗin da aka biya leburori. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana aiki tun 1924, gidan kayan tarihi na Jos yana nan tun 1952, Jami'ar Jos kuma ta tsaya da ƙafarta a 1975. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da littattafai da rajista na shekaru aru-aru. A zamanin nan kuma an sami wuraren koyar da aikin kwamfuta, kamar cibiyar nHub da aka kafa a Jos a 2015, sa'an nan a 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3, wanda nazarin bayanai yake cikin fannoninsa.

Sai dai yawancin masu shiga wannan fage hankalinsu yana kan ƙarshen aiki ne, watau zane mai launi-launi da hasashen abin da zai faru gobe. A 2014 jaridar New York Times ta Amurka ta ba da labarin cewa ƙwararrun wannan sana'a suna kashe kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na lokacinsu wajen tattara bayanai da gyara su, kafin su kai ga nazari. Mutumin Jos ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, domin ya ga masu wankin kuza a Bukuru da Barikin Ladi, ya san ba a ɗora ƙasa a kan sikeli a ce kuza aka auna. Sai an wanke, an fid da yashi da tsakuwa, sa'an nan a san abin da aka samu.

To, yaya ake koyon wannan aiki? Karatun littafi kaɗai ba ya isa, domin kuskuren da ke cikin rajista ba ya zuwa da suna a goshinsa. Hanyar da aka ga ta fi amfani ita ce a ba ɗalibi jadawali mai datti, a ce masa ga aiki ɗaya tak, ka gyara shi yau, gobe ga wani. A watan Maris na 2018 kamfanin Kaggle, wanda ya yi suna wajen shirya gasar nazarin alƙaluma, ya yi irin wannan horo na kwana 5 a ƙarƙashin Dokta Rachael Tatman. Kowace rana da nata aiki: gurbin da aka bari babu kome, daidaita ma'auni, kwanan wata, haruffan da suka rikice, da sunayen da aka rubuta iri dabam-dabam. Bayanan da aka yi amfani da su na ƙasashen waje ne, amma kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan biyar yana da ɗan'uwansa a nan gida. Ga yadda mai koyo a Jos, ko a Kano ko Sakkwato, zai jarraba kansa da su.

GWAJI NA FARKO: GURBIN DA BABU KOME

A ce an ba ka littafin ruwan sama na wata tasha a kan tsaunin Jos, wata-wata, na shekara 20. Za ka tarar da sifiri a wasu wurare, wasu wuraren an ja layi, wasu kuma an bar su fayau. Aikinka shi ne ka rarrabe tsakanin watan da ba a yi ruwa ba da watan da ba a auna ba. Sifiri a Janairu gaskiya ne, domin lokacin hunturu ne. Amma sifiri a Agusta, tsakiyar damina, a garin da yake samun ruwa wajen milimita 1,400 a shekara, lalle abin tuhuma ne. Mai yiwuwa ma'aunin ne ya lalace, ko mai rubutawa ya yi tafiya.

In ka bar wannan sifiri, lissafinka zai nuna fari a shekarar da ba a yi fari ba. In ka cike gurbin da abin da ranka ya raya maka, ka ƙirƙiri ruwan da Allah bai saukar ba. Abin da ya kamata shi ne ka fara ƙirga guraben, ka san ko nawa ne kuma a waɗanne watanni suka taru, sa'an nan ka zaɓi ɗayan uku: ka nemi asalin takardar, ko ka fid da shekarar daga lissafi, ko ka cike da kimanin abin da aka saba samu a wannan wata amma ka sa alama a gefe cewa ƙiyasi ne. Ko wanne ka zaɓa, ka rubuta dalilinka.

GWAJI NA BIYU: MA'AUNI DA KUƊI

Tsofaffin littattafan ruwan sama da inci aka rubuta su, na yanzu kuwa da milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka inci 55 shi ne milimita 1,397. Wanda ya haɗa 55 da 1,397 a layi ɗaya ba tare da ya juya ɗaya zuwa ɗaya ba, zai ce damina ta ninka sau 25. Haka ma ma'aunin zafi: in ka ga 68 a tsohuwar takarda ta Jos, ba gobara aka yi ba, awon Fahrenheit ne, daidai da 20 a awon Celsius.

Kuɗi ma haka ne. Ran 1 ga Janairu, 1973 Nijeriya ta bar fam ta koma naira, fam ɗaya ya zama naira 2. A da sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 kuma sule ɗaya. Bayan canji kwabo 100 ne naira ɗaya, alhali tsohon kwabo sai an tara 120 kafin su kai darajar naira. Suna ɗaya, daraja biyu. A littattafan kuza kuma akwai wani tarko: wani wuri nauyin kuzar da aka wanke aka rubuta, wani wuri nauyin ƙarfen da aka samu bayan an narke ta, wanda bai cika wuce kashi 70 da 'yan kai cikin 100 ba. Tan ɗin Ingila ma kilo 1,016 ne, ba 1,000 ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan ƙaramin abu ne. A watan Satumba na 1999 Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars, saboda wani sashe na masu aikin ya ba da alƙaluma da ma'aunin Ingilishi, wani sashe kuma ya karɓe su a kan cewa ma'aunin mita ne.

Mai son gwaji na kusa da gida sai ya je kasuwar Farin Gada, ko ya bi farashin dankalin Turawa da ake kawowa daga Bokkos da Mangu, ya rubuta na mako huɗu. Nan take zai ga buhu ba ɗaya ba ne, kwando ma akwai babba akwai ƙarami. Sa'an nan a ce ya rubuta farashin buhu sau biyar: naira 45,000 da 47,000 da 46,000 da 44,000 da 48,000. Matsakaicinsu 46,000 ne. In hannu ya zame aka ƙara sifiri ɗaya a na ƙarshe ya zama 480,000, matsakaicin zai tashi zuwa 132,400. Maganin wannan shi ne a jera alƙaluma daga ƙarami zuwa babba a dubi na farko da na ƙarshe kafin a yi kowane lissafi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

GWAJI NA UKU: KWANAN WATA DA LAMBOBI

In aka rubuta 03/04/2021, ɗan Nijeriya zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuma zai karanta 4 ga Maris. Kwamfutoci da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu an saita su a kan tsarin Amurka ne, saboda haka sai ka tarar da rajista guda wadda rabinta rana ce a gaba, rabinta kuma wata ne a gaba. Ranakun da suka wuce 12 suna tona kansu, domin babu wata na 13, amma daga 1 zuwa 12 sai an bi sawu. A asibiti wannan yana iya nuna an sallami majiyyaci kafin a kwantar da shi, ko an yi wa yaro allurar rigakafi kafin a haife shi. Hanyar tsira ita ce a mai da kome tsari ɗaya, shekara sa'an nan wata sa'an nan rana, kamar 2021-04-03.

Akwai kuma shekarun haihuwa. Dattawa da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai akawu ya sa musu 1 ga Janairu. In aka tambayi shekaru kuma, mutane sukan ce 40 ko 45 ko 50, da wuya ka ji 43. Masana ƙidaya sun daɗe da sanin wannan ɗabi'a. Ba a gyara ta da share suna, amma wajibi ne mai lissafi ya san tana nan.

Lambar waya da lambar asusun banki su ma suna da nasu. Excel yana ɗaukar 0803 a matsayin adadi, sai ya yar da sifirin farko. Lambar asusu mai alƙalami 10 ta koma 9, albashin mutum ya maƙale. Lamba irin wannan suna ce, ba adadi ba ce, don haka a ajiye ta a matsayin rubutu.

GWAJI NA HUƊU: HARUFFA MASU LANƘWASA

Wannan gwaji namu ne na masu rubutun Hausa. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ, in aka ajiye su da wani tsari aka buɗe da wani, sukan koma alamar tambaya ko wani tarkace da ba ya karantuwa. Wasu masu buga rubutu kuma ba su sa lanƙwasar sam. Ga shi kuwa baki dabam baƙi dabam, kafa dabam ƙafa dabam. A rajistar makaranta za ka ga Ɗanjuma da Danjuma da 'Danjuma, kwamfuta ta jera su a wurare uku. Mai koyo ya saba da ajiye aikinsa da tsarin UTF-8, wanda yake ɗauke da haruffan Hausa duka, kuma ya jarraba buɗe fayil ɗinsa a wata na'ura ya gani ko haruffan sun tsira.

GWAJI NA BIYAR: SUNA ƊAYA, RUBUTU BARKATAI

Barikin Ladi, Barkin Ladi, Barakin Ladi, B/Ladi: gari ɗaya ne, amma ga kwamfuta garuruwa huɗu ne. Jihar Filato ƙananan hukumomi 17 gare ta, saboda haka in ka ƙirga sunayen da ke jadawalinka ka sami 25, ka san da sauran aiki. Tsofaffin takardun zamanin Turawa kuma suna cewa Birom da Angas da Sura da Yergam da Ankwe, alhali mutanen da kansu suna kiran kansu Berom da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Goemai. Baƙon da bai san ƙasar ba zai ƙirga ƙabilu goma inda biyar ne.

Sunayen mutane sun fi wuya. Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman suna iya zama mutum ɗaya, suna iya zama mutum huɗu 'yan unguwa ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin layi domin sunansa na katin ɗan ƙasa bai dace da na banki ko na takardar jarrabawa ba, ya san zafin wannan. A nan kuskure kaifi biyu gare shi. In ba a haɗa sunayen da suke na mutum ɗaya ba, wani zai ci rabo biyu. In aka yi gaggawar haɗa na mutum biyu, an danne hakkin wani. Saboda haka ba a yanke hukunci da suna kaɗai, sai an duba ranar haihuwa da gari da lamba.

A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ce ta cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan an gwada jerin da lambobin BVN na banki. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Zaɓe ta INEC ta ba da sanarwar cewa cikin mutum miliyan 12 da dubu 298 da suka yi sabuwar rajista, ta soke miliyan 2 da dubu 780, akasari saboda yin rajista fiye da sau ɗaya. Duk wannan tace bayanai ne, sai dai a babban faifai.

ƘA'IDOJIN DA BA A KARYA SU

Mai koyo zai yi kyau ya riƙe ƙa'idoji huɗu tun daga ranar farko. Ta ɗaya, kada ya taɓa asalin fayil, ya kwafe shi ya yi aiki a kan kwafin. Ta biyu, ya ajiye littafi inda zai rubuta duk gyaran da ya yi da dalilinsa, yadda wani zai iya bin sawunsa ya sami abin da ya samu. Ta uku, ya tsara jadawalinsa yadda masani Hadley Wickham ya bayyana: kowane layin tsaye abu ɗaya yake aunawa, kowane layin kwance abu ɗaya yake wakilta, kowane gurbi adadi ɗaya ko kalma ɗaya. Ta huɗu, ya ƙirga layukansa kafin aiki da bayan aiki.

Wannan ƙa'ida ta huɗu ita ce aka yi sakaci da ita a Ingila a lokacin annobar korona. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga lissafin hukuma ba, saboda an zuba sakamakon a tsohon samfurin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya haura nan sai ya zube, babu ƙara babu gargaɗi, aka makara wajen neman mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar.

INA ZA A SAMI ABIN GWAJI

Ba sai an je nesa ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga farashin kayan abinci jiha-jiha, sakamakon zaɓe ma yana nan a buɗe. Amma abin da ya fi koyarwa shi ne littafin da ke kusa da kai: rajistar makarantar unguwa, littafin adashi, lissafin ƙungiyar manoma, ko littafin bashi na kantin mahaifinka. Sai dai a nemi izini, kuma a cire sunaye da lambobin waya kafin a nuna wa wani, domin amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya.

Kayan aiki ma ba su da tsada. Excel ko Google Sheets sun isa a fara da su, OpenRefine kyauta ne kuma ya ƙware wajen tattara sunaye masu kama da juna, wanda ya yi nisa kuma sai ya koyi Python. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya yin gwaji uku daga cikin biyar ɗin nan da takarda da fensir.

Dabarar da ta fi kowace ita ce mutum biyu su haɗu. Ɗaya ya ɗauki jadawali mai tsabta ya ɓata shi da gangan a wurare 20, ya rubuta wuraren a ɓoye, ɗaya kuma ya nemo su. Sa'an nan su yi musaya. Wanda ya gano 12 a makon farko zai gano 17 a mako na huɗu, kuma wanda ya iya dasa kuskure ya fi kowa sanin inda kuskure yake ɓuya. Rabin sa'a a kullum ta fi kwana guda cur a wata, gama yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya.

Ya kamata malamanmu na jami'a da na cibiyoyin horo su ma su duba wannan. Ɗalibin da aka koyar da shi da jadawalin da aka riga aka gyara a ƙasar waje, ranar da aka miƙa masa rajistar asibitin karkara zai tsaya yana kallo. A ba shi tun yana aji, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Su kuma ma'aikatun gwamnati da suke da tsofaffin littattafai a ɗakunan ajiya, gara da ƙura suna cinsu, da za su buɗe waɗanda babu sirri a cikinsu ga ɗalibai, da an sami riba biyu: yara su koyi sana'a, tarihi kuma ya tsira.

Ƙwararre daga Landan ko Legas yana iya fin ɗan Jos sanin na'ura, amma bai san Agusta ba ya wucewa babu ruwa a Filato ba, bai san Sura da Mwaghavul mutane ɗaya ba ne, kuma mai yiwuwa bai san Lafiya ta taɓa zama cikin jihar ba. Wannan sani yana hannun 'yan ƙasa tun tuni. Abin da ya rage shi ne su zauna su haɗa shi da horo, domin da waɗannan alƙaluma ne ake raba taki da magani da malamai da kuɗin fansho, kuma duk sunan da ya faɗi daga jadawali, wani bawan Allah ne zai kwana da asarar.